Hutun da Na Ɗauka Don Suna

Lahadi, 7 ga Janairu, bayan la'asar

Yau hutuna ya fara. Tun watan Satumba na nema a ofishinmu na tashar jiragen ruwa ta Jidda, na zaɓi ranakun da kaina, na ce musu matata za ta haihu a farkon shekara, ina so in kasance a gida har a yi suna. Da safe mudir, wato manajanmu, ya kira ni ya ce in na ga dama in dawo aiki, a ajiye mini hutun zuwa wani lokaci. Na ce a bar shi yadda yake. Ban san dalilin da ya sa na ce haka ba.

Jiya aka sallami Lubabatu. Ba ta zo nan gidanmu na unguwar Safa ba. Tun a mota ta ce ba za ta iya hawa gidan nan ba. Na ce ai akwai lif. Ta ce ba bene take nufi ba. Na kai ta unguwar Bagdadiyya, gidan abokina Abdulghaffar. Matarsa Mastura ta tare ta a ƙofa, ta rungume ta, suka shige, babu wadda ta waiwayo.

Na dawo da jakar kayan jaririn da muka tafi asibiti da ita. Yadda ta tafi haka ta dawo. Na sa ta a ƙaramin ɗaki na ja ƙofa.

Litinin, 8 ga Janairu, da hantsi

Waya daga gida ba ta tsaya ba. Haƙuri, haƙuri, haƙuri. Na kife ta a kan firij.

Talata, 9 ga Janairu, bayan magariba

Na je Bagdadiyya. Luba tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na ce, "Yaya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi." Na ce, "Ɗinkin fa?" Ta ce, "Da sauƙi." Na zauna a bakin gado ina kallon labule har aka kira sallah.

A falo Mastura ta rage murya ta ce nono ya kawo wa Luba, yana damunta ƙwarai, likita ta rubuta wani magani na tsayar da shi, in je in sayo. Na je kantin da ke kan kwana. Mai kantin ya ji na ce matata ce ta haihu, bai gama duba takardar ba ya washe baki ya ce mabruk, wato barka. Da ya duba, sai ya sa maganin a leda ya miƙo mini da hannu biyu, bai sake ɗaga kai ba.

Alhamis, 11 ga Janairu, da yamma

Abdulghaffar ya zo bai kira ba. Ya tarar da tagogi a rufe, kwanuka a wurin wanki. Ya ce, "Ya Muntaka, esh hada, mene ne haka? Gida ne wannan ko kabari?" Kalmar tana fita ya ji ta. Ya kama kallon fanka.

A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi shekaru a hanya kafin ya ga teku. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da Larabci a tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Kowa Abu Yazan yake ce masa, da sunan babban ɗansa. Shi ya koya mini hawan keke a bakin teku kowace Juma'a da asuba, kuma tun bara yake damuna da zancen wani farin dutse a arewa, can gaba da Rabig, inda ya ce ƙasa take tsayawa cak teku na can ƙasa. Kullum sai mu ce wata rana.

Ya fita baranda ya matsa tayar kekena da babban yatsa. Ya ce, "Ba iska. Jibi za mu tafi. Na ɗauki hutu."

Na ce ba zan iya barin Luba ba.

Ya ce, "Ummu Yazan tana tare da ita. Kai me kake yi mata? Yalla, tashi ka nemo famfo."

Juma'a, 12 ga Janairu, bayan la'asar

Na gaya mata. Na yi tsammanin za ta ce kada in je, har na shirya jin daɗin hakan.

Ta ce, "Ka je."

Na ce, "In ba ki so, wallahi..."

Ta ce, "Na ce ka je. Zamanka a nan kana kallona ba ya rage mini komai."

Rabon da ta kira ni Yaya tun kafin a shiga da ita tiyata. Yanzu ba ta kirana da komai.

Asabar, 13 ga Janairu, bayan azahar, Zahaban

Mun bar gari da asuba. Tanti ɗaya, jarkar ruwa, dabino, kayan faci. Muna wuce Abhur iska ta arewa ta tare mu, kuma Abu Yazan ya ce haka za ta yi mana har mu kai, domin a wannan watan daga can take busowa. Kana taka feda kamar wani ya dafa maka ƙirji.

Na gode mata. In iska tana dukanka ba ka da sararin tunani.

Gidaje sun ƙare, sai katanga, sai fili. Ƙasa a shimfiɗe fara fat da gishiri, in ka taka ta fashe kamar ƙanzo. Raƙuma suna tsaye a nesa ba mai kiwo. Tekun ma ba a ganinsa sosai, sai dai ka ji warinsa.

Na kira. Mastura ce ta ɗauka. Ta ce ta sha kunu, tana barci.

Lahadi, 14 ga Janairu, bayan magariba, Tuwal

Cinyoyina kamar ba nawa ba. Mun ci shinkafa da kifi a wata rumfa kusa da inda masunta ke ɗaure jiragensu. Abu Yazan ya cinye nasa ya cinye rabin nawa, yana ba ni labarin yadda yana yaro suke zuwa nan a bayan motar kawunsa. Bakinsa ba ya hutawa. Na san don ni yake yi.

Akwai wasu itatuwa da suke tsiro a cikin ruwan gishiri, gajeru, masu duhun ganye, saiwoyinsu a waje kamar yatsu. Na daɗe ina kallonsu.

Na kira. Mastura.

Litinin, 15 ga Janairu, da rana

Faci sau biyu. Iska. Manyan motoci. Babu abin rubutawa.

Talata, 16 ga Janairu, bayan la'asar, Rabig

Mun kwana a ɗakin haya don mu yi wanka mu wanke kaya. Da safe na ga wata mata a bakin kanti da jariri a kafaɗa, an rufe shi da farin mayafi, ƙafa ɗaya ta leƙo. Na tsaya da burodi a hannu har Abu Yazan ya ja ni.

Na kira. Mastura. Ta ce, "Ya Muntaka, tana ji, amma ba ta son waya yanzu. Maʿlesh, ka yi haƙuri." Na ji tari a bayanta. Na san tarin.

Laraba, 17 ga Janairu, kafin magariba

Mun bar babban titi mun bi wata hanyar ƙasa da ke gangarawa bakin ruwa. Masu gadin gaɓa suka tsayar da mu, suka duba iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar, suka tambayi inda za mu, suka yi dariya da suka ji daga Jidda muke a kan keke. Ɗayansu ya ƙara mana ruwa.

Ƙauyen da muka sauka bai kai a kira shi ƙauye ba. Bukkokin katako da langa-langa, masallaci ƙarami, jirage a kife, kyanwoyi ko'ina. Wani tsohon masunci yana gyaran raga ya kira mu shan shayi. Ya gaisa da abokina, ya ji sunansa, ya ce, "Ahlan, Abu Yazan." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai fa, Abu wa?"

Haka suke tambaya a ƙasar nan. Ba su ce maka mene ne sunanka, sai su ce uban wa ne kai.

Na riƙe kofin. Abu Yazan ya yi sauri ya ce, "Muntaka ne sunansa, daga Najeriya." Tsohon ya ce, "Allah ya ba ka zuriya ta gari," ya ci gaba da ragarsa.

Ina da amsa. Ban faɗa ba. Ko a nan ban rubuta ba.

Alhamis, 18 ga Janairu, da hantsi

Mastura ce ta kira ni da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce Luba ta yi magana da Mamanta a Funtuwa, ta ce tana so ta koma gida. Na ce ai ya kamata, ta je ta huta. Mastura ta ce, "La, ba hutu ba. Khuruj niha'i ta ce." Wato fita gaba ɗaya, a soke mata iƙama, ba dawowa.

Na ce to.

Ta ce, "To kawai?"

Na ce ban san me zan ce ba. Ta yi tsaki irin nasu ta ce ku maza, ta kashe.

Alhamis, bayan la'asar

Mun yi faɗa da Abu Yazan. Muna tura kekuna a cikin yashi, domin hanyar ta lalace, yana ta magana, yana cewa mata haka suke in abu ya same su, za ta sauko, ku yara ne, Allah zai ba ku wani. Na jefar da keken. Na ce ba wani nake so ba. Na ce kowa wani, wani, kamar taya ce ta fashe. Na faɗa masa wasu maganganu da ba su dace da wanda ya girme ni ba, ya bar aikinsa da iyalinsa ya biyo ni cikin rana.

Ya ɗaga kekena ya kakkaɓe sarƙar, ya miƙo mini. Muka ci gaba. Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi shiru mai tsawon wannan ba.

Da muka kafa tanti na ce ya yafe mini. Ya ce, "Halas, ya wuce. Ni ne bakina ya yi yawa." Ya ba ni dabino.

Juma'a, 19 ga Janairu, bayan azahar, a kan farin dutse

Mun iso.

Gaskiya ya faɗa. Kana tafiya a fili, ba tudu ba kwari, sai kawai ƙasa ta ƙare. Dutsen fari ne kamar alli, ya miƙe ya yi gwiwa ya sake miƙewa iyakar ganinka, ruwa ya ci gindinsa ya yi koguna. Na ɓantari kaɗan ya marmashe a hannuna, cike da ƙananan bawon katantanwa. Abu Yazan ya ce da can duk wannan a ƙarƙashin teku yake, murjani ne ya mutu ya taru, kuma da irinsa aka gina tsofaffin gidajen Jidda. Ruwan da ke ƙasa kore ne shar a kusa, can gaba ya koma baƙi-baƙi. Babu kowa. Tsuntsaye ne kawai, da iska.

Na yi zaton in na gan shi zan ji wani abu. Ban ji komai ba. Wuri ne mai kyau, na san mai kyau ne, kamar yadda na san sunan watan da muke ciki.

Na matsa baki ina kallon yadda ruwa ke shiga kogon yana fita. Ban san na daɗe ba. Sai na ji an riƙe mini riga ta baya. Abu Yazan ya ce, "Ya Muntaka, dutsen nan ruɓaɓɓe ne. Dawo baya." Na ce kallo kawai nake yi. Ya ce, "Na sani. Dawo baya ka yi kallon." Bai saki rigar ba sai da na zauna.

Ban yi niyyar komai ba. Ina rubuta wannan don in tabbatar wa kaina.

Juma'a, bayan la'asar

Tun jiya babu sabis, sai a nan saman dutsen. Wayar ta yi ƙara, na ga lambar Luba, na ɗauka ina jiran muryar Mastura.

Ita ce.

Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Ka gan ta?"

Na gane wa take nufi. Na ce, "Na gan ta."

Ta ce, "Ni ban gan ta ba. Na farka an gama komai. An ce mini haƙuri, an ce mini an kai ta. Kowa ya gan ta, nas-nas sun gan ta, Abu Yazan ya gan ta, ni da na ɗauke ta wata tara ban san ko da gashi ta zo ba. Ka zo ka zauna a bakin gado kana tambayata ɗinki."

Na ce na ɗauka in na yi maganar zan ƙara mata ciwo.

Ta ce, "Ciwon nawa ne. Ka ba ni abina."

Sai sabis ya ɗauke. Na yi ta zagaye a kan dutsen da waya a sama kamar mahaukaci, bai dawo ba.

Kwana biyu Luba ta yi ba ta san inda take ba, jini ya ƙi tsayawa, likitoci suna kanta. Ba a jira da gawa. Babu wanda ya yi laifi. Amma ni ne na ɗauki jaririyar a hannuna, ni ne na sa ta a ƙasa, kuma na dawo na kulle duka a bakina.

Na gaya wa Abu Yazan gobe za mu koma. Ya riga ya fara haɗa kaya.

Asabar, 20 ga Janairu, bayan isha'i

Mun tura kekuna zuwa ƙauye mafi kusa, muka samu mai motar kifi da zai shiga Jidda. Kekuna a baya a kan akwatunan ƙanƙara, mu a gaba a matse. Abin da muka yi mako muna takawa, kafin la'asar ya shanye shi.

Ban je Safa ba. Da ƙurata da warin kifi na shiga gidan Bagdadiyya. Mastura ta dube ni ta kwashe yaranta suka koma ɗaya ɗakin.

Luba tana zaune a kan darduma ta jingina da gado. Na zauna a ƙasa a gabanta. Na fara daga farko.

Na ce da gashi ta zo, mai yawa, baƙi, a kwance kamar an shafa masa mai. Na ce doguwa ce. Na ce kunnuwanta irin naki ne, saman ya ɗan lanƙwasa. Luba ta kai hannu ta taɓa kunnenta. Na ce sun sa ta a akwatin gilashi da wayoyi, amma sun bar ni na sa hannu, ta riƙe mini ɗan yatsa, ba da ƙarfi ba, amma ta riƙe. Na ce ta buɗe ido sau ɗaya. Daga asuba zuwa kusan azahar ta yi tare da mu.

Ta ce, "Ta yi kuka?"

Na ce kaɗan, kamar mage.

Ta ce, "Ka yi mata kiran sallah?"

Na ce na yi, a kunnen dama, na yi iƙama a na hagu. Na ce kuma na raɗa mata suna.

Ta ɗago. Ta ce, "Tana da suna?"

Wata da watanni muna gardama, ni ina son Zakiyya, ita tana son wani. Na ce, "Naki na sa mata."

Ta faɗe shi a hankali, kamar tana ɗanɗanawa. Nuha. Ta sake faɗa. Sannan kukan da ba ta yi ba tun asibiti ya zo, irin wanda ake riƙe ciki saboda ɗinki. Ta ce, "Yaya, riƙe ni, zai ɓalle." Na riƙe ta. Ni ma ban san ina da nawa ba.

Nuha. Yau na fara rubuta shi.

Talata, 23 ga Janairu, da yamma

Kullum sai ta sa na sake faɗa. Yatsun ƙafa, goshi, launin zanen da aka naɗe ta. Abin da ban lura da shi ba ina ce mata ban lura ba. Ba na ƙara komai.

Asabar, 27 ga Janairu, da hantsi

Tafiyar tana nan. Likita ta yarda. Ta ce tana son Mamanta, kuma ban ga abin da zan ce a kan wannan ba. Har yanzu ba ta taka Safa ba, ni na haɗa mata akwati.

Na tambaye ta wace biza zan yi mata. Ta ce, "Yi ta fita da dawowa. Amma kada ka tambaye ni yaushe."

Ban tambaya ba.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, bayan la'asar

A hanyar filin jirgi ta ce in bi da ita ta maƙabarta. Mata ba sa shiga a nan, ta sani. Na tsaya da mota a gindin katanga. Ta ce ta wane ɓangare? Na nuna mata, can ciki ta hannun dama, wajen da ake sa yara. Ba a rubuta suna, ba a ɗaga kabari, ƙananan duwatsu ne a jere, amma na riƙe wurin da idona. Ta sauke gilashi. Katanga ce kawai, fara, da zafin rana a jikinta. Ta yi sallama, ta yi addu'a, ta daɗe tana motsa baki ban ji me take cewa ba. Motoci suna ta yi mana hon. Ban matsa ba sai da ta ɗaga gilashin da kanta.

A filin jirgi ba mu yi doguwar magana ba. Na ce ta gaida Mama, ta sha magungunanta. Ta kama hannun akwatin, ta yi taku kaɗan, ta dawo.

Ta ce, "Ka riƙa zuwa mata ranar Juma'a. Ka ce mata wurin Mama na je."

Na ce to.

Gidan shiru. Na buɗe tagogi.

Gobe Juma'a.